Ra'ayi: Ƙwayar tansiyo da ƙashin iyaye mata, aika kuɗi kaɗai bai wadatar ba

Da yawa daga cikin matasan da ke neman abinci a Abijan, Kwatano, Legas, Tamanraset, Turabulus ko Faransa sun san irin wannan saƙon murya. Yakan shigo WhatsApp bayan asuba, muryar ƙanwa na rawa: Inna ta tashi za ta yi alwala, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a bakin makewayi, ƙafa ta ƙi taku. Kafin azahar an kira mai ɗori. Kafin la'asar dangi sun gama yanke hukunci, wai ƙwayar tansiyon nan da aka ɗora ta a kai ce ta fi ƙarfinta, ita ce ta cinye mata ƙashi, don haka a daina. Ɗan da ke nesa, wanda shi ke aiko da kuɗin ƙwayar kowane ƙarshen wata ta Nita ko Amana, sai ya ce to, a daina.

Wannan hukunci gudun gara ne a faɗa gidan zago. Uwar da aka raba da maganin hawan jini don a tsare mata ƙashi, an buɗe mata ƙofar shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙashin bai tsira ba. Amma dangin ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, domin akwai alaƙa ta gaskiya tsakanin waɗannan ƙwayoyi da ƙashin macen da al'ada ta ɗauke mata. Wata ƙwayar tana taimakon ƙashi, wata tana rage masa ƙarfi, kuma kusan dukansu suna iya kawo jiri a makonnin farko. Abin da ke raba alheri da sharri a nan shi ne sanin sunan ƙwayar da bibiyar mai shan ta, abubuwa biyu da kuɗin da ake aikowa ba su iya yi da kansu.

Abin da ke samun ƙashi bayan ɗaukewar al'ada

Ƙashi kamar ginin laka yake. Kullum akwai ɓangaren da ke zubewa, akwai kuma yaɓen da ake mayarwa. A jikin mace, sinadarin istirojin da ƙwan mahaifa ke samarwa shi ke riƙe hannun masu rushewa, don kada su fi masu yaɓe sauri. Idan al'ada ta ɗauke, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan faru ga yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55, sai wannan sinadari ya yi ƙasa sosai, rushewa ta rinjayi gini. A cikin shekaru biyar na farko mace tana iya asarar kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙashinta.

Matsalar ita ce wannan zaizaya ba ta ciwo. Kamar azarar da gara ta ci ta ciki take, daga waje lafiya lau, sai ranar da aka ɗora mata nauyi. Wuraren da suka fi karyewa su ne wuyan hannu, ƙashin baya da kuma ƙugu, daidai inda kan ƙashin cinya ke shiga mazauninsa. Gidauniyar duniya mai yaƙi da zaizayar ƙashi ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya a rayuwarta. Karayar ƙugu ce mafi muni. Ko a ƙasashen da ake yi wa tsoho tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, wajen mutum ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara guda bayan karayar. Ita kuwa tsohuwar da aka kwantar a ɗaki wata uku da karan ɗori, ga gyambon kwanciya, ga ciwon huhu, ga daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kowa ya san yadda labarin ke ƙarewa, sai dai a ce kwana ya ƙare.

A daidai waɗannan shekarun ne kuma hawan jini ke kama mata da yawa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Satumbar 2023 ya ce babba ɗaya cikin uku a duniya na da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba su samun kulawar da ta dace. Ke nan Innar da ke Sabon Gari a Maraɗi ko Birni a Damagaram, mai shekara 58, tana iya ɗauke da cuta biyu marasa hayaniya a lokaci guda, ana duba ɗaya da awon tansiyo, ɗayar kuwa babu mai tambayarta.

Ba duk ƙwayar tansiyo ce ɗaya ba

A gida ana cewa “ƙwayar tansiyo” kamar abu guda ne. A wurin likita iyali-iyali ne, kowane da hanyar aikinsa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce a fara magani idan awo ya tabbata a 140 bisa 90, wato 14/9 a ƙidayar da aka saba ji a asibitocin Nijar, kuma ta ware iyali uku da za a iya farawa da su: dangin tiyazid masu sa fitsari a hankali, dangin da sunansu ke ƙarewa da “pril” ko “sartan”, da kuma dangin amlodifin masu buɗe jijiyoyin jini.

Dangin tiyazid su ne abokan ƙashi. Cikinsu akwai hidirokulorotiyazid, wanda ake taƙaitawa HCTZ ko a same shi da sunan Esidrex, da indafamid mai sunan Fludex, da kulortalidon. Suna sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa, amma a lokaci guda suna sa ta riƙe kalsiyom, sinadarin da ke ba ƙashi tauri, maimakon ya bi fitsari. Wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2000 a Amurka ya bi mutum 320 masu shekara 60 zuwa 79, mafi yawansu mata, har shekara uku. Waɗanda suka sha ɗan ƙaramin awo na HCTZ sun riƙe ƙarfin ƙashin ƙugu da na baya fiye da waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki, da tazarar da ta kai wajen kashi 1 cikin 100. Tazarar ba ta da yawa, amma ga ƙashin da ke zubewa kowace shekara, ko tsayar da zubar kaɗan riba ce.

Hujja mafi nauyi ta fito daga babban gwajin hawan jini na Amurka da ake kira ALLHAT, wanda wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen da ke cikinsa baƙaƙen fata ne. Da aka koma aka duba bayanan mutum sama da 22,000, sakamakon da aka fitar a ƙarshen 2016 ya nuna masu shan kulortalidon sun samu ragin kashi 21 cikin 100 na karayar ƙugu da kwatangwalo idan aka gwada da masu shan amlodifin ko lizinofiril. Wani bincike kuma na birnin Rotadam a ƙasar Holan, a 2003, ya gano abu biyu da ya kamata kowane mai saya wa uwarsa magani ya riƙe: kariyar tana bayyana ne ga wanda ya shekara yana sha, kuma tana gushewa cikin wata huɗu bayan an daina. Uwar da ke sha wata biyu, kuɗi ya yanke ta huta wata uku, ba ta samun ko ɗaya daga cikin amfanin biyu, na jini ko na ƙashi.

Wannan bai mayar da tiyazid maganin zaizayar ƙashi ba. Macen da tansiyonta lafiya lau ba a ba ta shi don ƙashi, kuma wadda ƙashinta ya riga ya zaizaye tana da magungunanta daban. Abin da ake nufi shi ne, idan likita na da zaɓi tsakanin ƙwayoyi biyu da za su sauke jini daidai wa daida, ga mace mai shekara 60 siririya wadda ta taɓa karyewa a wuyan hannu, ƙashinta ya cancanci ya shiga lissafi.

Zaɓin kuma bai saɓa wa abin da aka gani a Afirka ba. Gwajin CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida ciki har da Najeriya da Kamaru, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin amlodifin da HCTZ na cikin haɗe-haɗen da suka fi sauke tansiyo ga baƙar fata. Ga shi kuma yana cikin masu araha.

Su kuwa amlodifin, da dangin “pril” da “sartan”, da masu ƙarewa da “olol” irin su atenolol, bincike bai tsaya a kan magana ɗaya ba game da tasirinsu a ƙashi. Wasu nazarce-nazarcen sun ga ɗan amfani, wasu ba su ga komai ba. Babu dalilin da zai sa macen da tansiyonta ya daidaita da ɗaya daga cikinsu ta canza shi saboda tsoron ƙashi.

Lasilix da kumburin ƙafa

Inda haɗarin yake sosai shi ne furosemid, wanda kowa ya fi sani da Lasilix. Shi ma yana sa fitsari, shi ya sa mutane ke ɗaukarsa ɗan uwan tiyazid. Ta fuskar ƙashi kuwa kishiyoyi ne. Furosemid yana aiki ne a wani sashe daban na ƙoda, kuma yana kora kalsiyom waje tare da fitsari. Gwajin da aka yi a Danmak a kan matan da al'ada ta ɗauke musu, da wata ƙwaya ta wannan iyali, ya nuna raguwar ƙarfin ƙashi cikin shekara guda, kuma nazarin dubban mata a Amurka ya danganta daɗewa ana shan irinsa da ƙarin karaya.

Furosemid magani ne mai ceton rai ga wanda zuciyarsa ta gaza, ruwa ya taru masa a huhu, ko wanda ƙodarsa ta yi rauni. Irin wannan majinyaci ba ya barin sa, kome za a ce game da ƙashi. Amma ba shi ne maganin farko na hawan jini na yau da kullum ba, kuma ba ya cikin iyali ukun da aka ambata.

Ga yadda yake shiga gida ta bayan fage. An ɗora Inna a kan amlodifin, mai sunan Amlor a wasu kwalaye. Bayan ƴan makonni sai idon sawunta ya kumbura, abin da aka san wannan ƙwaya da shi. Maƙwabciya ta ce ruwa ne ya taru, ita ma da ta yi haka Lasilix ta sha. A aiki yaro wurin mai tallar magani a bakin kasuwa, ya sayo na dala ashirin. Alhali kumburin amlodifin ba daga yawan ruwa a jiki yake ba, daga buɗewar ƙananan jijiyoyi ne, don haka Lasilix ba ya warkar da shi yadda ake zato. Abin da yake yi shi ne ya tsotse ruwan jikin tsohuwa, ya zubar da kalsiyom da fotasiyom, ya tashe ta fitsari sau uku cikin dare, ya haɗa ta da jiri. Gyaran da ya dace yana hannun likita: ya rage awon amlodifin, ko ya haɗa shi da wani, ko ya canza.

A kan teburin mai tallar nan kuma akwai wasu abokan gaba biyu. Dekzametazon da ake sha don ciwon gaɓoɓi ko don a yi ƙiba yana hawar da jini kuma yana cikin magungunan da suka fi cin ƙashi idan aka daɗe ana sha. Dikulofenak da ibufurofen, da tsofaffi ke haɗiya kullum saboda ciwon gwiwa, suna rage ƙarfin maganin tansiyo kuma suna wahalar da ƙoda. Sau da yawa idan aka zazzage ledar magungunan Inna, ƙwayar da ake zargi ita ce mafi ƙarancin laifi a ciki. An bar jaki ana dukan taiki.

Kwana 45 na farko

Ƙashi mai rauni ba ya karyewa sai an faɗi, kuma nan ne dangin da suka zargi sabuwar ƙwaya suke da gaskiya. Wani nazari a lardin Ontariyo na Kanada, wanda aka wallafa a 2012, ya duba tsofaffi sama da 300,000 da aka fara ba maganin hawan jini. Ya gano haɗarin karayar ƙugu ya ƙaru da kashi 43 cikin 100 a kwana 45 na farko. Cikin wata ɗaya da rabi ƙwaya ba ta isa ta cinye ƙashi ba. Abin da ke faruwa shi ne jiki bai saba da sabon matakin jini ba, mutum ya miƙe da sauri, jini ya yi jinkirin kaiwa ƙwaƙwalwa, ido ya yi duhu, sai ƙasa.

Wannan a Kanada ke nan, ƙasar sanyi. A ɗora shi a kan Tawa ko Birnin Ƙonni a watan Afrilu, zafi ya haura 40, gumi na zuba, wataƙila ga azumi, ga ƙwaya mai sa fitsari. A ƙara da tsarin gidajen: makewayi a ƙarshen tsakar gida, ba fitila, dandamalin siminti mai santsin ruwan alwala, tsuguno da miƙewa, tabarma mai naɗewa, dokin ƙofa mai tsawo. Tsohuwar da ta farka cikin dare ta zabura daga katifa ta nufi waje cikin duhu ta haɗa duk sharuɗɗan faɗuwa a taku goma.

Tiyazid ɗin ma da ake yabo yana da nasa aibin. Yana iya rage sodiyom na cikin jini fiye da kima, kuma tsofaffin mata marasa jiki ne suka fi fuskantar haka, musamman a makonnin farko. Alamunsa kasala, tashin zuciya, ciwon kai, tangaɗi da ruɗewa. A gida sai a ce tsufa ne ya fara taɓa ta, ko a ce iska ce, a nufi wurin rubutu da hayaƙi, alhali awon jini guda zai nuna matsalar. Yana kuma iya rage fotasiyom ko ya tayar da ciwon gaɓa ga mai saurin kamuwa. Shi ya sa ake son a auna jini kafin a fara da kuma bayan ƴan makonni.

Duk waɗannan dalilai ne na sa ido a farkon magani. Ba su zama dalilin jefar da shi ba. Wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje sama da ɗari, aka wallafa a 2016, ya nuna duk saukar maki 10 a awon sama, kamar daga 16 zuwa 15 a ƙidayar gida, tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 27 cikin 100. Kuma macen da ɓarin jikinta ya shanye tana cikin waɗanda suka fi faɗuwa da karyewa daga baya, domin ƙashin da ba a taka shi yana ƙara zubewa.

Masu cewa wannan ciwon Turawa ne

Za a samu mai cewa ƙashin baƙar fata ƙarfi gare shi, wannan damuwar matan Turai ce. Gaskiya ne a Amurka mata baƙaƙe ba su karyewa a ƙugu kamar farare. Amma ƙarancin abu ba rashinsa ba ne, kuma abincin baƙar Amurka ba shi ne na ƙauyen Mayahi ba. Masu binciken da suka daɗe suna aiki a karkarar Gambiya sun auna cewa mata a can na samun kalsiyom miligiram 300 zuwa 400 ne a rana, alhali abin da ake so ga macen da ta manyanta ya kai 1,000 zuwa 1,200. Sa'an nan karayar da ta ƙare a hannun mai ɗori ba ta shiga rajistar kowane asibiti. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san kakar da ta rage tsawo, bayanta ya ranƙwafa, ana cewa tsufa ne. Sau da yawa ƙasusuwan baya ne suka murƙushe ɗaya bayan ɗaya.

Wani kuma zai ce ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa ba ta da sararin kula da ƙashin tsofaffi. Fifikon da aka ba yara da masu ciki daidai ne, kuma tsarin kulawa kyauta da aka kawo a 2006 ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa ya ceci rayuka. Sai dai matar da ta gama haihuwa kamar ta fita daga lissafi ke nan, bayan ita ce mai renon jikoki, mai riƙe gida idan maza sun tafi ci-rani. Kuma abin da ake nema a nan ba na'ura mai tsada ba ce. Tambayoyi ne, da awo a tsaye, da zaɓi tsakanin ƙwayoyin da dama suna cikin farmasi. Karayar ƙugu guda tana cinye abin da ya fi kuɗin maganin shekaru, ban da ɗiyar da za ta bar sana'arta ko karatunta ta zauna jinya.

Tukunya ma tana da hannu

Gishiri ya haɗa cututtukan biyu. Yana hawar da jini, kuma duk lokacin da ƙoda ke fitar da rarar sodiyom tana tafiya da kalsiyom. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen maji, da yajin da aka daka da gishiri, da kanwa, wadda ita ma sodiyom ce. Miyar da aka jefa wa dunƙule huɗu, aka ƙara gishiri, aka sa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi, tana warware rabin aikin ƙwayar da aka saya.

Abin da ƙashi ke so kuwa yana kasuwar unguwa: nono da kindirmo, cuku, kwaɗon zogale, miyar kuka, riɗi, ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu. Sai ɗan zama a hantsi a tsakar gida don fata ta samu rana, da tafiya a ƙafa kullum. Ƴaƴan da suka ɗauke wa uwa kowane motsi don gata, ko buta ba ta ɗauka, suna cutar da ita ba su sani ba. Ga kuma gargaɗi ga masu aiko da manyan kwalaben kalsiyom da bitamin D daga Turai ko Amurka: macen da ke shan tiyazid jikinta na riƙe kalsiyom, idan aka ƙara mata ƙwayoyinsa da yawa yana iya wuce kima a jini. A nuna wa likita kwalbar kafin a buɗe.

Abin da ya rataya a wuyan ƴaƴa

Nisa bai hana komai daga cikin waɗannan ba. Wayar da ke kawo labarin faɗuwa tana iya hana ta.

Na farko, a sa ƙane ko ƙanwa su zazzage ledar magunguna duka, na asibiti da na tebur da na gargajiya, su ɗauki hoton kowane kwali da takardar likita su aiko. Ɗan da bai san sunan ƙwayar da uwarsa ke haɗiya kowace safiya ba, bai gama biyan kuɗinta ba. Idan aka ga Lasilix, a tambayi wanda ya rubuta shi da dalili. Idan babu wanda ya rubuta, a kai ta asibiti da ledar a hannu.

Na biyu, duk ranar da aka fara sabuwar ƙwaya ko aka ƙara awo, a ɗauki wata ɗaya da rabi na gaba a matsayin lokacin tsaro. Wani ya kwana kusa da ita. A sa fitila mai caji a hanyar makewayi, a kafa abin riƙewa a bango, a gyara santsi. Ta riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta miƙe. Ƙwaya mai sa fitsari da safe ake sha, don kada ta tashe ta cikin dare. Idan gudawa ko amai ya kama ta, ko azumi ya gabato, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya da wuri.

Na uku, a aiko da kuɗin magani yadda ba zai yanke ba, kuma a ware na awon jini da na komawa asibiti. Na'urar awon tansiyo ta hannu, wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi atamfa ta biyar amfani a tsarabar salla.

Na huɗu, a san alamun da ke cewa ƙashi ya riga ya yi rauni: karaya daga faɗuwar da ba ta wuce tsayin mutum ba, raguwar tsawo da ta kai santimita 4, ranƙwafewar baya, ciwon baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya. Kuma idan tsohuwa ta faɗi ta kasa taka ƙafa, hoton ƙashi ne farko. Masu ɗori suna da gwanintarsu a wasu karayoyin, amma kan ƙashin cinya yana can cikin nama inda kara ba ya kaiwa. Wannan aikin manyan asibitoci ne irin na Yamai, Maraɗi da Damagaram, kuma kowace ranar jinkiri tana da farashi.

Majo, mai farmasi da hukuma

Majon CSI da ke ganin mutum sittin kafin azahar ba shi da lokaci mai yawa, amma tambaya uku ba su cin minti biyu: Hajiya, al'ada ta ɗauke? Kin taɓa faɗuwa ko karyewa? Me kike sha ban da wannan? Sai awon tansiyo a kwance da kuma bayan ta miƙe tsaye. Idan awon sama ya faɗi da maki 20, wato 2 a ƙidayar gida, an ga mai shirin faɗuwa tun ba ta faɗi ba. A fara da ƙaramin awo, a ƙara a hankali, a ba ta ranar dawowa. Mai farmasi kuma, idan ƙwayar da aka rubuta ta ƙare, kada ya miƙa wata don kawai ita ma tana sa fitsari.

Ofishin ministan kiwon lafiya yana da nasa kason: ya tabbatar tiyazid da amlodifin masu inganci ba su yankewa a cibiyoyin lafiya na karkara, ya sa tambayar faɗuwa da karaya cikin takardar bibiyar masu hawan jini, ya kuma matsa wa cinikin magani a kan tebur. Ranar 17 ga Mayu ta hawan jini ce a duniya, 20 ga Oktoba kuma ta zaizayar ƙashi. Gidajen rediyon jihohi suna iya haɗa zancen biyu a shiri ɗaya, da Hausa da Zabarmanci, tun da a jikin mace ɗaya suke haɗuwa.

Ita dai Inna ba za ta yi ƙorafi ba. Idan aka kira aka tambaye ta jiki, za ta ce da sauƙi, ta sa albarka, ta tambayi labarin jikoki. Ba za ta ambaci jirin da ya ɗebe ta shekaranjiya ta dafa bango ba, don kada ta tayar da hankalin wanda ke nesa. Sai an tambaye ta kai tsaye: Inna, idan kin miƙe ido na yin duhu? Wace ƙwaya kike sha yanzu, wa ya ba ki? Duk mai uwa a gida da ke shan maganin tansiyo, ya yi mata waɗannan tambayoyi a kiran yau, kafin a kai ga aiken kuɗin ƙarshen wata. Allah ya ƙara wa iyaye lafiya da nisan kwana.